A Ɗaga Mata Ƙafa

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta kuma Ya san inda Ya ajiye maganinta. Sunana Kulu, kuma zan ba da labarin jinyar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Shekara uku da 'yan watanni muka yi muna yawo da ƙafarta tsakanin Fatakwal da Anaca da Inugu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne har yau ina ganin tsofaffin mata zaune a bakin rumfa, tsumma ɗaure a idon sawu, ƙafafu na reto, 'ya'yansu na ta jera musu sannu. In na gani sai in ji kamar in je in kwashe 'ya'yan da mari. Ni ma abin da na yi ke nan, kuma da zuciya ɗaya na yi shi.

Inna mai tuwo ce. Tun kafin yaƙin basasa tana da rumfa a Fatakwal, a unguwar Hausawa kusa da Kasuwar Creek Road, inda mahauta da masu albasa ke cin abincin rana. Da gari ya rikice ta gudo Kano da ƙunshin kaya ɗaya, da aka gama kuma tana cikin waɗanda suka fara komawa. Ta tarar an kwashe kwanon rufi da ƙyaure, ta jera duwatsun murhu a fili ta ɗora tukunya. Ni a Kano na tashi wajen dangin ubana, a can na yi aure, a can mijina ya rasu, sai na bi ta Fatakwal shekarar da aka daina fam aka koma naira. Kuɗin mai ya cika gari a lokacin, tukunya uku ba ta isar mu. Turanci kuwa ko na buroka ban iya ba, in an yi mini magana sai in washe haƙora.

Bayan tuwo Inna tana da wani aikin. Ita da ƙawarta Gwaggo Dije ke wankan gawar matan unguwa, kuma ba su taɓa karɓar ko sisi a kai ba.

Tun ina yarinya na san jijiyoyin ƙafarta a tashe suke, sun murɗe a bayan ƙwauri kamar igiyar guga. Haihuwa tara ta yi, mu biyu muka rage, ga tsayuwa a kan tukunya daga hantsi har la'asar. Da yamma ƙafar hagun takan kumbura, kafin safiya ta saɓe. Sannu a hankali fatar da ke saman idon sawu ta ciki ta yi baƙi, ta yi tauri, ga ƙaiƙayi. Wata rana itacen wuta ya ƙwarzane ta daidai wurin. Ciwon bai kai faɗin kwabo ba, ba wanda ya ko kula.

Sati biyu bai rufe ba. Wata biyu bai rufe ba, sai ma faɗi da yake yi, bakinsa ba daidai ba, yana zubar da ruwa har ya jiƙa tsumma. Nan masu magani suka taso mana. Gwaggo Dije ta kawo garin bagaruwa. Wani mahauci ya ce a fasa kafso a barbaɗa. Wanzami ya yi mata ƙaho a sharaɓa, inda ya tsaga ma sai da ya yi wata kafin ya warke. Wata maƙwabciya ta rantse wai wani abu Inna ta taka da aka binne wa masu dawowa daga Arewa, aka kawo rubutu aka sha, aka shafa. Kowa ya zo da nasa sai mu yi godiya mu gwada, don in ka ƙi sai a ce ka raina mutane. Zuwa wata na biyar an daina ce masa ciwo, an koma kiransa da sunansa, gyambo. Ya fara wari, ƙudaje suka san hanya.

Wata ranar Laraba Inna da Gwaggo Dije suka dawo daga wankan wata mata da ta daɗe a kwance har bayanta ya ɗaye. Inna ta zauna ba ta ko cire mayafi ba.

“Kulu, zo nan.”

Na zo na durƙusa.

“Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Amma na san abin da masu wanka ke gani. Yau da ƙyar yarinyar da ke zuba mana ruwa ta riƙe amai. Kada ki bari a shimfiɗe ni gaban matan unguwar nan da gyambo a buɗe, suna ɗauke numfashi a kaina. Ki yi duk yadda za ki yi ya rufe kafin nan.”

Na ce, “Haba Inna, wace irin magana ce wannan? Zai rufe, in Allah Ya yarda. Na ɗauki alkawari.” Bakina bai ko yi nauyi ba da na faɗa.

A satin ne Yaya Garba ya shigo da motar albasa. Shi ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “mai albasa”. A Anaca yake zaune, ya iya buroka kamar a bakinsa aka haife ta. Ya ga ƙafar, ya yi faɗa, washegari ya ɗauko tasi muka tafi babban asibiti. Da sanyin safiya muka shiga layin kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Wani Ba'indiye ne siriri, kuma don Allah ya yi aikinsa. Ya tsayar da Inna ya duba jijiyoyin, ya kwantar da ita ya sake dubawa, ya ɗora yatsa a bayan ƙafarta yana jin bugun jini, ya sa aka auna fitsari. Sannan ya ja Yaya bayan labule ya yi ta zuba masa turanci da sauri. Inna kunnenta ya fara nauyi, ni kuwa da ni da benci ɗaya muke.

A bakin ƙofar asibiti Yaya ya yi mana bayani a tsaye, yana duba agogo, don motarsu za ta juya.

“To, alhamdu lillahi, ba ciwon suga ba ne, ba daji ba ne. Ya ce jini ne ke sauka ƙafar ya kasa hawowa, shi ya hana ciwon rufewa. Ga bandeji mai roba, a riƙa naɗa mata. A zo wankin ciwo sau biyu a sati. Kuma ya nanata, ya ce lallai a ɗaga mata ƙafa.”

Na ce, “Ai dama, Yaya. Wahalar nan ta yi mata yawa.”

Ya ce, “Yawwa, kin gane,” ya tare tasi ya shige.

Na ji shi sarai, yadda kowane Bahaushe zai ji: a sassauta mata, a rage mata aiki, kada a matsa mata. Inna ma haka ta ji, Gwaggo Dije ma da muka mayar mata haka ta ji, har tana cewa ashe likitocin nan suna da tausayi.

Ni kuwa ba a ba ni aiki in yi rabi. Na karɓe muciya. Na sa kafinta ya yi wa Inna doguwar kujera mai majingina, na kafa ta a bakin rumfa, na ce daga yau aikinta amsa gaisuwa. Tun safe har magariba tana zaune, ƙafafunta na lilo ba sa ko taɓa ƙasa sosai. In ta miƙe za ta ɗauko buta sai in daka tsawa, “Inna, zauna! Likita ya hana.” Ko taku goma ban bari ta yi. Bandejin kuwa, ranar farko ta ce ya matse ta, sai na tuna an ce kada a matsa mata, na kwance na naɗa shi saku-saku. Gwaggo Dije ta ƙara da cewa gyambo na son iska, sai muka koma cire shi da rana. In mun je wankin ciwo, mutum hamsin ne a layi, mai wankin ba ya ɗago kai. Wani lokaci yakan ce, “Mama, you dey rest the leg?” wato ko tana hutar da ƙafar, ita kuma ta ce, “I dey rest am,” kuma gaskiya ta faɗa. 'Yan unguwa suna wucewa suna sa mini albarka, ina jin daɗi har cikin raina.

Wata tara muka yi a haka. Ƙafar da a da takan saɓe da safe ta daina saɓewa. Gyambon ya kai faɗin tafin hannuna, ya fara zagayowa ta baya. Ƙasan kujerar kullum a jiƙe, sai na zuba toka. Masu cin tuwo suka fara ɗaukar kwanonsu su koma can gefe, wasu suka daina zuwa. Inna ta lura kafin ni, ta ce a mayar da kujerar cikin ɗaki.

Daga nan Yaya ya aiko a kawo ta Anaca, wai ba maganin da babu a kasuwar can. Gaskiyarsa, akwai. Wata uku muka yi a gidansa a unguwar Hausawa, kowace rana ya shigo da sabuwar kwalba ko ƙwaya mai launi biyu. Wani mai kemis ya yi mata allura har mazaunanta suka yi tauri. Warin yakan ragu sati ɗaya ya dawo. Yaya ya kashe abin da ya kashe, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, Allah Ya saka masa. Amma yana shigowa ya gan ta zaune a bakin gado ƙafa a ƙasa, ya durƙusa ya gaishe ta ya fita, bai taɓa cewa uffan ba.

Wani dillalin shanu ne ya ce mu gwada Inugu, akwai likitocin da ke dasa fata. Muka sauka a Abakpa Nike, gidan wani mahauci abokin marigayi babanmu. Matarsa ta ba mu ɗakinta ta koma wajen yara, ba ta san mu ba sai ranar. Ina roƙon Allah Ya ba ta Aljanna.

Kwana huɗu muna zuwa asibiti muna komawa kafin mu samu shiga. Likita ya duba, ya faɗi abin da na farko ya faɗa, ya tura mu wajen wata nas ta wanke ciwon. Inyamura ce, gajera, mai ƙiba. Tana kwance tsumman sai na ji ta ce, “Sannu, Mama. Sannu da jiki.” Hausa tsaf, ta Kano. Ashe a Sabon Gari aka haife ta, ta gudo lokacin rikici kamar yadda Inna ta gudu, sai dai kowacce ta nufi inda ɗayar ta baro. Suka yi ta tambayar juna unguwanni.

Ta juyo gare ni. “Ba a gaya muku a ɗaga mata ƙafa ba?”

Na ce, “An gaya mana, Sista. Shekara guda ke nan ko tsinke ba ta ɗauka.”

“A kan me kuke ɗora ƙafar?”

“Wace ɗorawa?”

Ta tsaya da auduga a hannu tana kallona. Sai dariya ta kubce mata, guda ɗaya, ta kama bakinta. Ta dubi gyambon, ta sake dubana, dariyar ta mutu. Ta kwantar da Inna rigingine, ta jawo matashi uku, ta kama ƙafar da hannu biyu ta ɗaga ta sama ta ɗora.

“Haka. Ƙafar ta fi ƙirji tsawo. Jinin da ya taru ya gangaro.”

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Don kunya da baƙin ciki na yi kuka a gaban marasa lafiya kamar ƙaramar yarinya. Inna tana kwance tana kallon rufi, abin da ta ce kawai, “Ikon Allah. Ashe ƙafar ake nufi.”

Nas ɗin nan ta zaunar da ni ta koya mini abin da ya kamata in sani tun shekara guda baya, kuma don shi nake wannan rubutu. Irin wannan gyambon, shafe-shafe da allura ba sa rufe shi in ƙafa na kumbure. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a rufe, sannan a naɗa bandeji mai roba tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa, da ƙarfi a ƙasa, a sassauta kaɗan in an hau. Da safe ake naɗawa kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Amma sai likita ya tabbatar jini na isa ƙafar kafin a matse, don akwai wani gyambon da matsewa ke kashe ƙafa. In za a huta, a kwanta a ɗora ƙafa sama. In an tashi, a yi tafiya, tafiya na tura jini. Abu biyu ne maƙiyansa, doguwar tsayuwa wuri ɗaya da dogon zama ƙafa a rataye. Na biyun shi na yi wa uwata kujera musamman don ta yi.

Da Yaya ya zo dubiya na tare shi a baranda, ban ko gaishe shi ba.

“Yaya, da likita ya ce a ɗaga mata ƙafa, me ya nuna maka?”

Ya ɗaga hannunsa sama. “Haka ya yi.”

“To me ya hana ka yi mana haka?”

“Ai na faɗa muku, Kulu. Ke kika ce kin gane.”

“Wata uku kana ganinta a gidanka ƙafa a ƙasa!”

Ya ce, “Wallahi na ɗauka magani ne babba. Wannan na ɗauka ƙarin bayani ne.”

Na so in ci gaba, amma da wane bakin? Bai yi ƙarya ba, bai canja kalma ɗaya ba. Har yau ina jin haushin asibitin da zai cika da Hausawa a rasa mutum ɗaya da zai tsaya ya nuna wa mai jinya abu da hannu. Amma haushin kaina ya fi.

Sati shida aka kwantar da ita. Kumburin ya sauka, gyambon ya yi ja mai kyau, warin ya tafi. A karo na farko na ga bakinsa ya fara matsowa. Suka yanko fata daga cinyarta suka dasa. Likita ya gaya wa nas, nas ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye: fatar da ke kewaye ta riga ta mutu da tauri kamar ƙirgi, da an zo da wuri da bandeji kaɗai ya isa, yanzu kuwa sai abin da Allah Ya yi. Rabin dashen ya kama, rabi ya zube. Ga kuma Inna da kunya. Da ta hango likita namiji ko wani ya shigo gaisuwa sai ta zame ƙafar daga matashi ta ja zane. “Ni da furfurata in miƙe ƙafa sama gaban maza? A yanke ta mana a huta.” Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce zan tafi in bar ta. Takan ɗora in ina kallo.

Muka koma Fatakwal da ragowar ciwo kamar faɗin ƙwai biyu. Fatakwal kuwa ruwa ba ya ɗaukewa. Bandeji biyu gare mu, in na wanke ɗaya kwana biyu bai bushe ba, in na shanya kusa da murhu robar ta saki. Duk da haka na dage, ciwon ya tsaya, bai ƙaru ba, bai ragu ba, wata bakwai. Sai wata tsohuwar ƙawarsu ta rasu ina kasuwa sayen kuɓewa. Kafin in dawo Inna ta ɗingisa ta tafi. Ta yi tsaye a kan gawar har aka gama, ta zauna zaman makoki kwana uku ƙafa a ƙasa, don a cewarta ba a kwanciya a gidan mutuwa. Dashen da ya kama ya tsage. Cikin wata ɗaya muka koma inda muka fito, har da ƙari.

Daga nan ban ƙara jin ta tambaye ni ko ya ragu ba. In ina wankewa sai ta juya fuska bango. Ni ma na daina cewa ya yi kyau.

Da damina ta uku ƙafar ta yi ja, ta yi zafi har cinya, zazzaɓi ya rufe ta. Muka kai ta asibiti aka yi allurai, kwana biyar. Ranar Litinin da hantsi ta cika, ina riƙe da hannunta.

Da aka kawo ta gida na kori kowa daga ɗakin. Na wanke gyambon, na zuba turare, na ɗauko sabon bandeji na naɗa daga yatsu har gwiwa, naɗin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Na yi niyyar ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai kwance shi. Gwaggo Dije ta shigo da mata biyu da ruwa. Ta yaye zane, ta ga ƙafar, ta dube ni.

“Kwance, Kulu. Ruwa zai taɓa ko'ina.”

Na ce, “Gwaggo, na yi mata alkawari zai rufe. Bai rufe ba. Ki bar mini wannan.”

Ta sallami matan biyu, ta ce su jira a waje, ta saya ƙyaure. Sannan ta ɗaure zanenta a ƙirji.

“Ni da uwarki mun wanke matan unguwar nan tun kafin yaƙi. Kin taɓa jin abin da muka gani a jikin ko ɗaya?”

Na ce a'a.

“To nata ma ba mai ji. Ke za ki zuba mini ruwa. Kwance.”

Na durƙusa na fara warwarewa. Warin ya taso ta cikin turaren. Na saci kallon fuskar Gwaggo Dije, ina jiran in ga ta ɗauke numfashi. Ba ta ɗauke ba. Ta sa tafin hannunta tsirara a kan gyambon, ta ce bismillahi, ta ce in zuba.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mini.